Sa'a Guda A Sama, Rabin Yini A Ƙasa



Sau da yawa idan muka yi wa 'ya'yanmu mazauna Abuja ƙorafin sun yi nisa da gida, sai su ce, "Ai Baba, yanzu Kano sa'a guda ce." Ba ƙarya suka yi ba. Tsakanin filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe da na Malam Aminu Kano kimanin kilomita 360 ne a miƙe, jirgi kuma kan cinye su cikin sa'a guda ko ƙasa da haka. A mota, ta Kaduna da Zariya, tafiyar ta haura kilomita 400. Kano dai ba baƙuwar jirgi ba ce, tun 1925 ya fara sauka a cikinta.

Amma mu da muka tsufa muna koya wa yara taswira, akwai abin da muke so a lura da shi. A ja layi daga Abuja zuwa Kano, za a ga ya bi ta gefen Bebeji. Wato jirgin kan tsallake ƙasarmu, ya yi arewa da mutum, ya sauke shi a birni, sannan ya juyo kudu a mota. Sai ya yi fama da cunkoson Kano, ya kama hanyar Zariya har Kwanar Dangora. Mutumin Kiru da na Bebeji sun kusa gida. Na Tudun Wada da sauran tafiya. Na Doguwa kuwa sai ya keta dajin Falgore, wanda ba kowane direba ke yarda ya shige shi bayan magariba ba. Abin mamaki ma, a miƙe Riruwai ta fi kusa da filin jirgin Jos da ke Heipang a kan na Kano, ga shi kuwa Kano ce babban birnin jiharmu.

In an haɗa jiran jirgi da wannan tafiya ta ƙasa, sa'a gudan nan ta zama rabin yini. Wanda ke zuwa da Sallah kaɗai yana iya jurewa. Amma hanyar nan ita ce mai naƙuda ke bi idan asibitin kusa ya tura ta Kano, ita ce kuma masararmu da shinkafarmu ke bi zuwa kasuwa, kuma a cikin damina wasu ƙauyukan kafin su kai bakin kwalta ma aiki ne.

Don haka muke roƙon ƙungiya ta kafa kwamiti a bana, ya bi mazaɓa-mazaɓa a watan Agusta, lokacin da ruwa ya kankama, ya rubuta minti nawa ake yi daga kowane ƙauye zuwa kwalta, da inda kwalbati ya karye. Ku da kuke zaune kusa da ofisoshi a Kano da Abuja, ku za mu danƙa wa takardar ku kai wa wakilanmu hannu da hannu.