Tallafi, Rance da Riba: Matsayin Kuɗin Gwamnati a Littafin Ɗan Kasuwa



Da yake ni malamin harshe ne, da kalma zan fara, watau "tallafi". Asalinta tokare abu ne don kada ya faɗi, kamar yadda uwa take tallafe jariri. Kalmar ba ta faɗi ko za a mayar da abin da aka bayar ba. A ganina, wannan shirun nata shi ne ya fi rikita lissafin ƙananan masu sana'a a Gaya da Ajingi.

A 2018 Gwamnatin Tarayya ta fito da shirin TraderMoni ta hannun Bankin Masana'antu, ana ba ɗan tireda naira 10,000. Rance ne, ana biyansa cikin wata 6, wanda ya biya kuma ya cancanci naira 15,000. A 2020, zamanin annobar korona, asusun ceto ƙananan sana'o'i ya ba masu sana'ar hannu naira 30,000, kyauta. A 2024 aka raba naira 50,000, ita ma kyauta. Duk ukun nan da suna ɗaya jama'a suka kira su.

To, mu ɗauki mai walda a Gaya, garin da tarihin baka ya ce daga nan maƙeran farko suka tafi Dala neman tama. Yaronsa ne yake rubuta masa lissafi a waya, ko da Excel ko da wata manhaja irin QuickBooks. Kuɗin gwamnati ya shigo, manhaja ta tambaya: wane iri ne? Yaro ya duba, bai ga gurbin "tallafi" ba, sai ya jefa shi cikin ciniki. Na'ura kuwa ba ta musu. A ƙarshen wata sai ta nuna riba mai kauri, alhali ko ƙofa ɗaya ba a ƙara sayarwa ba. Maigida ya ga riba, ya ɗiba ya yi hidimar gida. In rance ne, ya ci bashi ke nan yana zaton guminsa ya ci.

Gyaran ba shi da wuya. Rance gurbinsa na bashi ne, yana nan a rubuce har a biya shi. Kyauta kuwa a buɗe mata gurbi nata dabam, a ajiye takardar shaidarta da sharuɗɗanta, domin mai sharaɗi tana iya komawa bashi in aka saɓa.

Akwai wani wuri mai ɗan zurfi. Ƙa'idar akantoci ta duniya mai lamba 20, wadda aka fitar a 1983, ta ce kyautar da aka sayi kayan aiki da ita ba a lissafa ta duka a rana ɗaya. Alal misali, mai ƙuli-ƙuli a Ajingi ta sa naira 50,000 ɗin a injin niƙa da zai yi shekara 5. Sai a riƙa shigar da naira 10,000 kowace shekara, daidai da yadda injin yake cinyewa.

Ku ma'aikata da kuke kai sanarwa ƙauyuka, ku ne kuke zaɓen kalmar da mutane za su ji. In rance ne, ku ce rance, da bakinku da kuma a takarda.