Bindiga a Cikin Jirgin Sama: Ina Haɗarin Yake?

 

Ina shigowa ɗazu wani ɗalibi ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Malam, ai wannan magana ba ta da tsawo. In aka harba bindiga a jirgi, sai dai kowa ya yi salati." Na san inda ya samo wannan. A fim ɗin Goldfinger na 1964, harsashi ya fasa tagar jirgi, iska ta zuƙi mugun fim ɗin, ƙato guda, ta yi waje da shi. Shekara sittin ke nan mutane na ɗauke da wannan hoto a ka, alhali ba haka jirgi yake ba.

Jirgin fasinja kan yi tafiya a ƙafa 35,000 ko fiye, inda iska ta yi ƙarancin da mutum ba zai wuce minti ɗaya cikin hayyacinsa ba. Shi ya sa ake ɗura iska a ciki, galibi daga injin, har fasinja ya ji kamar yana kan tsauni mai ƙafa 6,000 zuwa 8,000. Mutane na ɗauka kamar balan-balan ne, allura ta taɓa shi ya fashe. Ya fi kama da randar da famfo ke ta zuba wa ruwa, ga kuma wata kafa a gindinta da aka bari a buɗe da gangan. A wajen jelar jirgi akwai bawul da ke fitar da iska ba dare ba rana, kuma bakinsa ya ninka ramin harsashi sau da yawa. Harsashin ƙaramar bindiga bai fi kaurin ɗan yatsa ba. Idan ya huda gangar jiki, bawul ɗin ya ɗan tsuke bakinsa, shi ke nan. Wanda ke kusa zai ji fito, amma ba zai tashi daga kujerarsa ba.

An gani a zahiri. Ranar 22 ga Maris 2008, bindigar wani matuƙin US Airways ta tashi bisa kuskure yayin da yake shirin sauka a Charlotte. Harsashin ya huda gefen ɗakin matuƙa ya fita, jirgin ya sauka lafiya. Za ku ce ai ya riga ya yi ƙasa-ƙasa, kuma da gaskiyarku. To ku dubi jirgin Aloha a Hawai, cikin Afrilun 1988: tsufan ƙarfe ya yaye rufinsa wajen ƙafa 18 yana tsakiyar tafiya, fasinjoji na zaune suna kallon sararin Subhana. Ma'aikaciya ɗaya ta rasu, amma matuƙa suka sauke shi. A Bagadaza kuma, cikin Nuwamban 2003, makami mai linzami ya sami fiffiken hagu na wani jirgin kaya na DHL, duk bututun man da ke juya fikafikai da jela suka tsiyaye. Da ƙara wuta da rage wutar injina kaɗai aka dawo da shi ƙasa. Masu ƙera jirgi ba sa dogara da abu ɗaya: bututun mai kashi biyu ko uku, lantarki ta hanyoyi daban-daban, inji biyu wanda ɗaya ya isa a sauka da shi.

Kada in wuce gona da iri. Taga in ta fita gaba ɗayanta, babbar magana ce. A 2018 ɓaraguzan inji sun fasa tagar jirgin Southwest, matar da ke zaune a wurin ta rasa ranta. Amma nan ma jirgin ya sauka a Filadelfiya.

To ina haɗarin yake? Ranar 7 ga Disamba 1987, wani mai suna David Burke, wanda kamfaninsa ya kora daga aiki makonni kaɗan kafin nan, ya shiga jirgin PSA mai lamba 1771 a Los Angeles. Ba a karɓe katin shaidar aikinsa ba, don haka ya ratsa ba tare da an caje shi ba, da bindiga a jikinsa. Shugabansa da ya kore shi yana cikin jirgin. Ya harbe shi, ya shiga gaba ya harbe matuƙan biyu. Mutum 43 suka mutu a tsaunukan Kalifoniya. Ku lura da kyau: injin lafiya, fikafikai lafiya. Abin da jirgin ya rasa shi ne hannun da zai riƙe shi. Bututu yana da na biyu da na uku, amma in aka kashe matuƙi da mataimakinsa, babu wani a ajiye. Haka a Fishawar ta Pakistan cikin Yunin 2014, 'yan bindiga suka buɗe wa jirgin da ya taso daga Riyad wuta yana sauka. Jirgin ya isa, wata fasinja ba ta isa da rai ba.

Wannan ne ya sa dokokin suka tafi kan mutum. Bindigar fasinja, inda ma aka yarda da ita, sai an zare harsashinta, an kulle ta a akwati mai ƙarfi, an sanar da kamfani, ta tafi ɗakin kaya. Harsashi kuma ba ya wuce kilo 5 ga mutum ɗaya. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 aka ƙarfafa ƙofar ɗakin matuƙa yadda harsashi ba zai ratsa ta ba, Amurka kuma ta fara bai wa wasu matuƙa horo da bindiga a 2003. Ni dai wannan na ƙarshe bai kwanta min a rai ba. Ai bindigar Charlotte ɗin nan daga wannan shiri ta fito. Duk da waɗannan dokoki, a 2023 kaɗai jami'an filayen jirgin Amurka sun kama bindiga 6,737 a wajen bincike, fiye da tara cikin goma da harsashi a ciki. Yawancin masu su cewa suke mantuwa ce.

Mu ma abin ya taɓa zuwa mana gida. A Oktoban 1993 samari huɗu suka karkatar da jirgin Nigeria Airways daga hanyar Legas zuwa Abuja, suka kai shi Yamai, sai da jami'an tsaron Nijar suka kutsa ciki, aka rasa rai ɗaya.

Darasin Burke ne nake so ya zauna muku, domin da ɗan gari akan ci gari. Bayan haɗarinsa Amurka ta wajabta wa ma'aikatan jirage bin na'urar bincike kamar kowa. A wajenmu kuwa, duk mai yawan tafiya ya san yadda ake kauce wa babbar riga da kaki, a ce "ranka ya daɗe, wuce." Cikinku akwai waɗanda gobe za su tsaya a wannan ƙofa, akwai kuma waɗanda za su zama manyan da ake jin nauyin cajewa. Na farko, don Allah ku caje kowa, har da abokin aikinku. Na biyu, ku ɗaga hannu a caje ku, ku kuma sa dogaranku su miƙa makamansu tun a ƙasa.