Gudu da Lissafi: Abin da Waya Za Ta Iya Yi Muku



Da yawanmu kan wuni zaune a rumfa tun hantsi har magariba, hawan jini da ciwon suga kuwa abokan dogon zama ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, ko minti 75 in motsin mai ƙarfi ne kamar gudu.

Ɗorewa ita ce wuyar. Mutum ya zabura rana ɗaya, ƙafafu su yi tsami, ya watsar. A nan manhajojin horo na waya suke da rana. Ku dubi Couch to 5K ta hukumar lafiya ta Ingila: mako tara, fita uku a mako. A makon farko gudun minti ɗaya ne, sai tafiyar minti ɗaya da rabi, a yi ta maimaitawa. Wasu manhajojin sun fi ta dabara, domin suna auna saurinku da nisan da kuka ci, su tambayi yadda jiki ya ji, sannan su rage ko su ƙara aikin gobe. Ku gaya musu gaskiya. Wanda ya kwana a motar fatauci ya ce ya gaji, kada ya yi ta maza.

Sai dai waya ba ta jin zafin bazara, ba ta kuma san kuna azumi ba. Ku fita bayan asuba, ku sha ruwa. Mai hawan jini ko suga, da mai juna biyu, su fara ganin likita. Wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri ya tsaya nan take, ya nufi asibiti.