Dutsen da Ba Ya Ɗaukuwa

Matasanmu kan tambaye mu: shin Allah zai iya halittar dutsen da zai gagare Shi ɗauka? Malaman Kirista ma sun sha wannan tambaya. Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya amsa cewa ikon Ubangiji ya game duk mai yiwuwa. Abin da ya warware kansa kuwa, kamar da'ira mai kusurwa huɗu, furuci ne maras ma'ana, rashinsa ba ya tauye iko. Malamanmu na tauhidi ma sun koyar cewa ƙudura ba ta rataya da mustahili. Saboda haka kada mu kori mai tambaya, mu zaunar da shi mu amsa masa. Allah Ya ƙara mana fahimta.