Maganin Feshi, Itatuwa Da Ciwon Dajin Nono

Jawabin edita ga ɗaliban ajin yaƙi da jahilci



Yau maganarmu a kan ciwon dajin nono ce. A shekarar 2018 masana a ƙasar Sifen, can Turai, sun fitar da sakamakon bincike kan mata fiye da 3,600. Sun gano matan birni masu zama kusa da itatuwa da lambunan shan iska ba su kamuwa kamar sauran. Amma waɗanda gidajensu ke daf da gonaki sun fi kamuwa. Masanan suna zargin maganin feshi, ko da yake ba su tabbatar ba.

To, mu ma muna feshi. Kada mu ajiye maganin ƙwari a ɗakin kwana. Kada mu zuba ruwan sha ko man gyaɗa a jarkarsa. Mai ciki da mai goyo su nisanci gona ranar feshi. Mu dasa itatuwa a ƙofar gida.

Uwargida, in kin ji ƙullutu a nono, ko jini yana fita, kada ki ɓoye. Maigida, kai ta asibiti nan da nan. Ciwon da aka gano da wuri ya fi jin magani.

Allah ya ba mu lafiya.