Jawabin Shugaban Kwaleji a Bikin Yaye Ɗaliban Aikin Gona

Mai girma wakilin gwamna, mai martaba sarki, Allah ya ja zamaninka, 'yan majalisar gudanarwa, malamai, iyayen da suka baro gona ana tsakiyar girbi, ɗalibai masu fita, assalamu alaikum.

Bana kwaleji ta buɗe ɗakin gwajin ƙasa, ta gyara rijiyar burtsatse, ta raba iri ga ƙauyukan da ke kewaye. Madalla da kowa.

Masu fita kuwa, ga guzurinsu daga ƙasar Sin. A 1958 gwamnatin Mao ta haɗe gonakin ƙauyuka wuri guda: noma tare, tukunya ɗaya, a rubuta wa kowa makin aikinsa. Wanda ya yi huɗa har la'asar da wanda ya wuni jingine da fartanya, rabonsu kusan ɗaya. Yunwar 1959 zuwa 1961 ta ci miliyoyin rayuka. Bahaushe ya san gayya, amma gayya wuni guda ce, hatsin kuma rumbun mai gona yake shiga.

A ƙarshen 1978, magidanta 18 na ƙauyen Xiaogang a lardin Anhui suka taru a ɓoye, suka dangwala yatsa da jan tawada, suka raba gonar gida-gida. Kowa ya ba hukuma kasonta, saura nasa ne. In an ɗaure wani, sauran su riƙe 'ya'yansa har shekara 18. Da tsarin ya bazu, hatsin Sin ya tashi daga tan miliyan 305 a 1978 zuwa miliyan 407 a 1984.

Sai dai masu ba da labarin sukan tsallake abu ɗaya, kuma wakilin gwamna ya taimaka ya rubuta shi. A 1979 gwamnatin Sin ta ƙara kashi 20 cikin ɗari a kan farashin hatsin da take saye. Manomi ya zage damtse, hukuma ma ta kwance bakin jaka. Nan kuwa tarakta ɗaya tilo da kwaleji ke da ita damina biyu ke nan tana kan duwatsu, ba taya, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Takarda uku aka aika, ko amsar "mun gani" ba a samu ba. Yaran nan a jikin allo suka koyi tuƙi.

Ranka ya daɗe wakilin gwamna, taraktar tana nan bayan ɗakin taro. Da an ci abinci za a raka ka ka gan ta.