Ɗaurarre ma yana da haƙƙin ganin likita

Alƙali kan yanke wa mutum ɗauri ne, ba ya yanke masa ciwo. Ƙa'idojin Mandela da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 sun ɗora wa gwamnati nauyin lafiyar fursuna, kuma sun ce a duba shi kyauta, daidai da wanda ke waje. Saboda haka iyalin da ɗansu ke tari a gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse, in sun je neman a kai shi asibiti, haƙƙi suke nema. Su daina magana da baki kawai: su rubuta wa shugaban gidan takarda, su haɗa da katin asibitinsa da sunayen magungunansa, su riƙe kwafi. In an yi shiru, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam da lauyoyin gwamnati na kyauta.

Wani zai ce mai laifi bai cancanci wannan ba, tunda talakan kirki ma bai samu ba. To, mafi yawan waɗanda ke tsare a Najeriya jiran shari'a suke, ba a tabbatar musu da laifi ba. Kuma tarin fuka bai san katanga ba. Gandiroba da mai ziyara za su kai shi gida. Masu tsoron kada a tsangwami ɗansu in sun rubuta takarda suna da hujja, amma takarda mai kwanan wata ta fi wuyar dannewa. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 ma ta amince da beli saboda rashin lafiya, muddin likitan asibitin gwamnati ya tabbatar, kuma aka nuna gidan ba shi da kayan jinyar.